HANNU UKU A FARANTIN GWAGGONA

 Na san da yawanku kun saba jin alƙalamina a kan labarin soyayya, ko rikicin kishiyoyi, ko halin samarin zamani masu daɗin baki. To yau sai ku yi mini haƙuri, domin kuwa na zo da wata magana wadda ko a mafarki ban taɓa zaton zan rubuta ba, wato maganar haraji. Kada wata ta ja tsaki ta buɗe shafi na gaba, ta ce ai wannan zancen maza ne da 'yan siyasa. Ni ma da haka na ɗauka, sai da na ga an ɗaga bikin ƙanwata har sau biyu, sannan na gane ashe abin har ɗakin amarya yake shiga.

Mu dai asalinmu mutanen Birnin Tsaba ne da ke ƙasar Zurmi, can arewacin Jihar Zamfara, ko da yake ni a Gusau na tashi, a can kuma na yi sakandare. Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina ciki ɗaya, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da gona ɗaya. Da zaman ƙauye ya gagara saboda masifar 'yan bindiga, sai ta kwaso Kaka da ƙananan yaran suka dawo Ƙauran Namoda suka kama hayar ɗaki biyu, aka bar babban ɗanta da matarsa suna lallaɓa gonar. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma duk wadda ta san wannan sana'a ta san ba ta mai son jiki ba ce. A soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a kai inji, a dawo a yi ta juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya fito, sannan a murza tunkuza a soya. Tun kiran sallar farko take tashi, ba ta ganin tabarma sai bayan isha'i.

'Yarta ta biyu, wadda nake kira ƙanwata, an sa mata rana da wani saurayi tela, yaro mai hankali da kunya. An kawo kuɗin gaisuwa, an kawo lefe daidai ƙarfinsa, sauran kawai kayan ɗaki. Aka ce sai bayan kaka, kaka ta zo ta wuce. Aka ce bayan ƙaramar salla, ita ma ta zo ta wuce. Da na ji har dangin ango sun fara ƙananan maganganu, sai na shirya na hau motar Ƙaura.

Na same ta a ƙuryar ɗaki ta rame ta yi zuru-zuru, yarinyar da a da ko'ina sai an ji dariyarta. Tana ganina ta faɗa jikina ta fashe da kuka, ta ce, "Yaya, ko Islamiyya kunyar zuwa nake ji. Kowa sai tambayata yake ko an fasa ne." Na rarrashe ta da ƙyar, amma ni kaina zuciyata ta karye.

Da dare muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Na ɗauko littafin da na sayo don rubuta sabon labarina, na ce, "Gwaggo, don Allah ina kuɗin suke tafiya? Kullum kina bakin wuta, gona kuma an ce bana ta yi kyau." Ta yi wata irin dariya wadda ta fi kuka ciwo, ta ce da harshenta na Zamfarci, "Ke ɗiyata, farantin ga nawa da kike gani, hannu uku ka shiga cikinai kahin nawa shi kai." Na ce to ta lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in rubuta.

HANNU NA FARKO

"Na hwarko," in ji ta, "mutanen daji. Da damina ta faɗi sunka aiko ma gari, wai in ana son a yi noma a tara musu kuɗɗi kaza. Anka raba gida-gida. Akuyoyina biyu da tunkiyar da nike kiwo don gadon yarinyar ga, su munka saida. Da gero ya nuna sunka sake aikowa, wai kuɗɗin girbi. Buhu uku ya tahi."

Jama'a, wannan ba labarin gidanmu kaɗai ba ne. An daɗe ana jinsa a rediyo da jaridu daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Ƙaura da sauran sassan Zamfara, manomi ba ya shiga gonarsa ta gado sai ya biya mai bindiga. Makiyayi na kirki ma bai tsira ba, domin shi ma an kore masa shanu an bar shi da sanda. Ko lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako a watan Satumba na 2021, aka kuma katse layukan waya don toshe wa ɓarayin hanya, talaka ya ji a jikinsa. Har kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis, wadda ake zuwa daga Nijar da kudancin ƙasar nan, sai da ta yi tsit. Gwaggo ta ce a wannan lokacin ne ta cinye rabin jarinta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sunan da ake kiran wannan kuɗi da shi, wai haraji. Wallahi wannan ba haraji ba ne, fashi ne da rana tsaka. Ba a yi shawara da kai ba, ba a duba ƙarfinka ba, ba abin da za a yi maka da shi, kuma ko ka biya ba ka da tabbacin gobe. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan bala'i, amin.

HANNU NA BIYU

Wannan kam da idona na gani, gani kuwa ya kori ji. Kashegari na bi Gwaggo wata kasuwa da take ci sau biyu a mako ita da maƙwabciyarta, ba zan kama sunan kasuwar ba. Tun a hanya muka tarar da wasu samari sun gitta igiya, direba ya miƙa musu wani abu aka sauke igiyar. Da muka isa sai ya ce kuɗin kayan Gwaggo ya ƙaru da naira 200 saboda abin da ya ba da a hanya. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Muna shimfiɗa buhu sai ga wani dattijo da littafi, ya karɓi naira 100 kuɗin wurin zama, ya yago tikiti ya ba mu. Ban ce komai ba. Can jimawa sai ga wani matashi hannu a aljihu, ya ce kuɗin shara naira 100. Gwaggo ta kwance bakin zane ta ba shi. Na waiwaya bayanmu, ga tulin shara nan ya kusa kai ƙugu, ƙudaje sai bidiri suke yi. Kafin azahar wani kuma ya zo, wai kuɗin tsaro naira 200. Nan fa haƙurina ya ƙare, na ce, "Malam, ina rasit?"

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Ke baƙuwa ce ko?" Gwaggo ta mintsine ni a cinya, ta ce, "Yi haƙuri ɗan nan, 'yar boko ce, ba ta san kan gari ba." Ya karɓi kuɗinsa ya wuce yana murmushin mugunta. Ina kallonsa ya isa rumfar wani babban ɗan kasuwa mai buhunan hatsi jibge har sama, suka tafa suka yi dariya, ko sisi bai karɓa ba.

Haka muka yini cikin rana, babu rumfa, babu ruwa, babu ko makewayin da mace za ta kama ruwa cikin sutura. Da muka dawo gida na buga lissafi. Ribar ranar ba ta wuce naira 3,000 ba, a ciki naira 600 ta fita, wato ɗaya cikin biyar, kuma naira 100 ce kawai ke da takarda. Sauran 500 ɗin, in aka yi sau biyu a mako, ya zama 1,000, a shekara ya haura naira 50,000. Na karanta wa Gwaggo, ta riƙe baki ta ce, "La'ilaha illallahu! Ashe katihwar yarinyar ga ce nike rabawa ɗari-ɗari ban sani ba."

ABIN DA KAKA TA TUNA

Duk wannan zance Kaka tana gefe tana jan carbi. Ita da ni kuwa kullum cikin tsiya muke, kishiya take kirana. Sai ta gyara zama ta ce, "Ke kishiya, ku yaran zamani mi kunka sani ga haraji? Zamanin En'e, da an yi kaka sai a aiko. Kowane namiji baligi sai ya biya, da mai shi da marar shi. Kakanki, gyaɗarshi ta tahi Ƙaura ga jirgi, kuɗɗinta su tahi ga haraji. Shekarar da ruwa bai yi ba sai shi tahi cin rani don shi samo. Wanda bai biya ba a shanya shi ga rana gaban jama'a. Masu shanu kau jangali, har gudu sukai da dabbobinsu in sun ji masu ƙidaya. Amma hwa ana ba da takarda, cikin gwangwani kakanki ka ɓoye tashi kamar laya."

Na ce, "To Kaka, kun taɓa tambayar inda kuɗin suke zuwa?" Ta harare ni ta ce, "Wa ya isa? Ke dai da bakinki kamar reza, da tuni an ɗaure ki."

Maganarta ta sa na koma bincike. Gaskiya ne jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, nan ne ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau, kuma gyaɗa da auduga ya zo kwasa. Abin mamaki, a wannan shekara ta 1929 ne matan Aba da kewayenta, can ƙasar Ibo, suka yi bore da suka ji ana ƙidaya mata da dabbobinsu, suka tabbata haraji za a ɗora musu. Sojojin Turawa suka harbe mata kimanin 50, amma ba a ɗora harajin ba. A Abekuta kuma matan kasuwa ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada a kan harajin da ake karɓa daga mata, har sai da aka soke shi, sarkin garin ma ya sauka daga gado a farkon 1949.

Mu ma nan Arewa ba a bar mu a baya ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, zaluncin da ake yi wa talaka wajen karɓar haraji yana cikin manyan abubuwan da ta yaƙa, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a wannan gwagwarmaya. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Kai, tun kafin duk waɗannan, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Ashe tambayar da na yi a kasuwa tsohuwar tambaya ce, ba ni na fara ba.

HANNU NA UKU

Na ukun shi ne hannun hukuma, wato mai tikiti. Don in fahimce shi sosai sai na je gaishe da wata malamarmu ta sakandare wadda ta koya mana darasin sanin gwamnati, yanzu ta yi ritaya. Ta yi murna ƙwarai, ta ce, "Da kuna aji barci kuke yi in ana wannan darasi, yau ga shi rayuwa ta dawo da ke." Ta ɗauko littattafanta muka duba tare, ga kaɗan daga abin da na samo.

Tsarin mulkin ƙasar nan na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ginawa da kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da makewayin jama'a, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan tana da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Don haka in ta karɓi kuɗin wuri a kasuwa ba ta yi laifi ba, haƙƙinta ne. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rumfa da shara da makewayi ba alfarma ba ce za a yi wa Gwaggo, ta riga ta biya. Haka kuma tun a 1998 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 21, wadda ta jera irin kuɗin da tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowace za ta karɓa, ta kuma hana tare hanya da sunan karɓar haraji.

Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne da Malama ta ce ni ma ina biyan haraji kullum. Na ce, "Ni Malama? Ni da ba ni da shago ba ni da albashi?" Ta yi dariya ta ce in duba katin wayata. Akwai harajin saye da sayarwa da ake kira VAT, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairu na 2020. Yana cikin kuɗin kiran waya, da man shafawa, da turare, da atamfa, da irin kayan da muke rububi a kanti. Kashi 35 cikin 100 na wannan kuɗi na ƙananan hukumomi ne. Sannan daga asusun tarayya, inda kuɗin man fetur ke shiga, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin 100, kuma 14 daga cikinsu a Zamfara suke. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Hukunci dai an yanke, aiki da shi kuwa sai jama'a sun sa ido.

To kun ji 'yan uwa. Duk wadda ta taɓa sa katin naira 100 ta kira masoyinta, tana da kaso a abin da ake kira kuɗin gwamnati. In an gyara ajinku an sa benci, ba kyauta aka yi muku ba. In kuma kuna zaune a ƙasa rufi yana yoyo, kuna da bakin tambaya.

MENE NE ADALCI A CIKI?

A nan sai na tuna da karatunmu na Islamiyya a babin zakka. Zakka ibada ce, ba haraji ba ce, amma akwai darasi babba a cikinta. Ba a karɓa sai dukiya ta kai nisabi. Mai awaki 39 ba a taɓa shi, sai sun kai 40 ya ba da ɗaya. Mai shanu sai sun kai 30. Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ne, wanda aka sha wahalar ban ruwa kuwa ɗaya cikin ashirin, saboda an duba wahalar mai shi. Kuma an faɗi waɗanda za a ba, ba a bar shi a duhu ba. Ko sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda aka tsara ta fara aiki daga farkon 2026, ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu harajin samu a kansu. Wato ita ma ta yarda akwai wanda bai kamata a taɓa ba.

Saboda haka a nawa ɗan ƙaramin tunani, kuɗin da za a kira na adalci sai ya cika sharaɗi uku. A san adadinsa da mai karɓarsa, a ba da takarda. A duba ƙarfin mai biya, kada mai faranti ɗaya ta biya daidai da mai rumfa uku, balle a ce ita ta biya shi a tafa da shi. Sannan a ga aikin da aka yi da shi.

Wannan na ƙarshen a unguwar su Gwaggo na ga misalinsa. Famfon burtsatsensu ya lalace, yara suna tafiya mai nisa neman ruwa. Matan adashinsu suka ce a yi karo-karo a gyara, aka sa ƙanwata ta riƙa rubuta sunan kowa da abin da ta ba da, ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyya a karanta a gaban kowa, har da kuɗin mai gyara da na kayan da aka sayo. Gwaggon nan da ke ƙunƙuni a kan naira 100, da hannunta ta miƙa naira 2,000 tana fara'a. Na ce, "Gwaggo, yau kuma ina aka samo arziki?" Ta ce, "Wanga na san inda za shi. Gobe in sha ruwa in ce da kuɗɗina a ciki." Ashe talaka ba biya ne ba ya so ba, raini ne ba ya so. Mutanen da suka gaji gayya da aikin masallaci da adashi, ba za a koya musu haɗa hannu ba.

YADDA MATAN SUKA YI

Daga nan dabara ta zo mana. Matan da ke layi ɗaya da Gwaggo a kasuwa su 11 ne, masu ƙuli-ƙuli da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya. Muka bi su gida-gida ni da ƙanwata. Da farko tsoro suka ji, wata ta ce, "Ke gobe za ki koma Gusau ki bar mu da su." Gaskiyarta kuwa. Don haka muka ce ba faɗa za a yi ba, kuma ba mace ɗaya za ta yi magana ba, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka sayi littafi, ƙanwata ta riƙa rubuta duk abin da aka karɓa, da ranar, da sunan da aka kira kuɗin da shi, tikitin da aka samu kuma a liƙa a ciki.

Bayan mako huɗu suka ɗauki littafin, suka nemi wani dattijo limami ya raka su wurin shugaban kasuwar. Suka durƙusa suka gaishe shi, babbarsu ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙara muka kawo ba, tambaya muka zo yi. Wanne ne na hukuma a cikin waɗannan, don mu san wanda za mu biya?" Ya duba littafin ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce mai kuɗin sharar nan shi bai ma san da shi ba. Daga nan suka wuce wurin kansilan mazaɓar da zancen makewayi da rumfa, ya karɓe su da mutunci ya ce zai kai maganar gaba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya gyaru ba, wannan ba littafin soyayya ba ne da ake ƙarewa kowa na dariya. Mai kuɗin shara dai ya daina bi ta layinsu. Kuɗin tsaro an rage shi, kuma yanzu da takarda mai hatimi ake karɓa. Makewayi har na baro garin ba a sa tubali ko ɗaya ba, amma matan sun ce duk wata sai sun koma sun tuna wa kansila. Hannu na farko kuwa, na mutanen daji, ya fi ƙarfin littafin ƙanwata, wannan nauyi ne a wuyan hukuma, domin tsaron rai da dukiya shi ne farkon abin da mai biyan haraji yake bin ta bashi.

Biki kuma an yi shi bayan babbar salla, alhamdu lillahi. Da angon ya ji dalilin jinkirin, sai ya aiko yayarsa ta ce wa Gwaggo shi yarinyar yake so ba kujeru ba, a kawo ta da abin da ya sawwaƙa. Aka kai ta da gado da katifa da 'yan kwanukanta, labulen ɗakin ma shi ya ɗinka da hannunsa. Samarin zamani, sai ku yi koyi.

GARE KU 'YAN UWANA

Ke ɗaliba da ke karanta wannan, wataƙila ke kaɗai ce mai karatun boko a gidanku. To ki sani ke ce idon mahaifiyarki. In an kawo takarda ki karanta mata, ki duba ko akwai hatimi da kwanan wata da adadin kuɗi. Ki saya mata littafi ki riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a sana'arta. Ki san sunan mazaɓarku da kansilanku kamar yadda kika san sunayen jaruman fim. In kin kai shekara 18 ki yanki katin zaɓe, ki tuna matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, kada ki sayar da taki a kan sabulu da taliya. In za ki yi tambaya ki yi da ladabi, ki tafi da manya, kada ki tafi ke kaɗai, kuma kada ki ja da mai makami. Abin da yake na gaskiya kuma a biya shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba, don mai biya shi ke da bakin magana.

Ranar da zan dawo Gusau, Kaka ta kira ni ta damƙa mini ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ce, "Ungo kishiya, kuɗɗinki naira ɗari biyar." Na ce, "To Kaka, ina rasit?" Ta ɗaga carbi za ta make ni, gidan duka aka kwashe da dariya.

A nan zan dakata. Ina miƙa gaisuwa ga matan kasuwa na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, da mutanen Birnin Tsaba na gida da waɗanda gudun hijira ya watsa, Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wadda ta ga kuskure ta yafe mini, ɗan Adam ajizi ne. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.